Akwatin da Aka Bari a Jirgin Urahama

Ina cikin yanka tofu, wato awarar da nake sayarwa, da hantsi wayar shago ta yi ƙara. Wani mutum ne daga ofishin kayan tsintuwa na tashar Urahama, can ƙarshen layin dogo, yana tambaya ko ni ce Tomie Hasegawa mai shago a ƙofar arewa ta tashar Kamisugi.

"Ni ce. In lema ce ku riƙe, ina da uku."

"Ba lema ba ce, Mama. Akwatin tokar mamaci ne, wadda ake kwashewa bayan an ƙone gawa. An ɗaure shi da tawul ɗin shagonku, a jiki muka ga lambar waya."

Na ce masa ya yi kuskure. Mamaci ɗaya gare mu a kusa, Innarmu, kuma shekara guda ke nan tana kabarin gidanmu a bayan wurin bauta. Ranar da za a sa tokarta ina kwance a asibiti da karayar ƙugu. Yayana Shozo ne ya tsaya a kan komai, ya zo ya ce min an gama lafiya. Tun da na miƙe, duk wata nake tsallaka dogo in wanke dutsen kabarin, in sa furanni, in ba ta labarin unguwa. Har gulmar matar mai kifi na kai mata.

Duk da haka na rufe shago na hau jirgi. Tasha tara ce, ban ga ko ɗaya ba.

Ma'aikacin, wani mai sanƙo, ya ɗora akwatin a saman kanta nesa da lemomi da jakunkuna, har ya ajiye masa kofin shayi a gaba. Ya sauko da shi hannu bibbiyu. Na kwance tawul na karanta sunan: Hasegawa Kinu, Innarmu. Na nemi benci na zauna.

"Karo na huɗu ke nan," in ji shi a hankali. "Masu shara duk sun san tsohon. Gefen taga yake zama da akwatin a cinya, yana faɗa masa sunan kowace tasha har a iso bakin teku. Da in ya manta, kafin awa guda ya dawo yana ba da haƙuri. Wannan karon kwana uku bai zo ba."

Tsoro ya sake ni, haushi ya kama ni. Ashe shekara guda dutse nake yi wa hira, Shozo kuwa yana yawo da uwata kamar ƙunshin abincin rana. Na rungume akwatin na koma, ina shirya maganganun da zan faɗa masa tun daga tasha ta farko.

Shozo yana ƙofar kudu ta tasharmu, a saman tsohon shagonsa na gyaran keke. Tafiyar minti biyar ce daga wurina, amma da ƙuguna da matakalar nan tasa, rabona da hawa tun kafin rasuwar. Shi yake zuwa ya karɓi tofu ya tafi.

Ban ƙwanƙwasa ba. Bangon ɗakin cike yake da takardu a manne, sunayen tashoshi tara a jere da rubutunsa, an maimaita ya fi sau ashirin. A ƙasan wata takarda ya rubuta: "Tomie, ƙanwata, ƙofar arewa." A kan tebur kwanon shinkafa biyu, ba a taɓa ba.

"Yaya, wa nake yi wa magana a kabari shekara guda?"

Ya ɗago, fuskarsa ta washe.

"Yauwa, Tomie, gara da kika zo. Ba ki haɗu da Inna a hanya ba? Mun fita ganin teku, ta sauka ba ta faɗa min ba. Kin san halinta. Ga abinci har ya huce."

Duk maganganun da na shirya suka bi iska. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafata.

Ya dubi abin da na rungume, ya matsar da kwano ɗaya don ya yi masa wuri.

"Me kika kawo mana a akwati? Ajiye nan, kada mu buɗe sai ta dawo."