Fili Mai Lamba Tara

"Tura mana, Lauya! Ko a jami'ar ba a koya muku tura mota?"

Don Fermín ne ya leƙo da kai ta tagar motarsa yana yi mini tsiya. Mama na riƙe da sitiyari, shi yana gefenta an tokare shi da matashin kai biyu, ni kuwa ina baya, takalmina ɗaya ya riga ya cire a kwalta.

"Ana koya mana yadda ake kai ƙarar masu tsohuwar mota," na ce, ina haki.

"To ki kai! Kafin a sa ranar shari'a na daɗe da tafiya."

"Don Fermín!" Mama ta daka masa tsawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daidai nan injin ya kama, hayaƙi ya turnuƙe layinmu, matar mai gidan burodi ta fito tana tafi.

Sai muka ja da baya muka ɗaura Lukuta. Haka ya raɗa wa tafi-da-gidankansa suna: ɗaki ne mai taya biyu da ake ja da mota, gado uku a ciki, da ɗan murhun gas, da taga ɗaya da ba ta rufuwa sai an soka mata cokali. Ta girme ni da shekara ashirin.

Don Fermín Olazábal maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu a unguwarmu ta kudancin Rosario. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, matarsa ta rasu tun ina ƙarama, ba su haihu ba. A watan Nuwamba likitoci suka ce ciwon da ke hantarsa ya wuce aiki. Da Janairu ya kama, watan da zafi ke saukowa a ƙasarmu, sai ya ce shi fa ba zai mutu yana kallon silin ba. A kai shi bakin kogi.

Mu irinmu ba ma zuwa hutu. Mahaifina ya fita neman aiki ina shekara bakwai, har yau yana nema. Mama ta riƙe mu da keken ɗinki, tana ɗinka rigunan 'yan makaranta har idonta ya fara gani biyu-biyu. Ni na shiga jami'a da ƙwaƙwalwata, ina sayar da tikiti a tashar bas da safe, ina zuwa aji da yamma, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Kwana bakwai a otal a bakin teku sai ya cinye ɗinkin Mama na wata uku. Amma duk Janairu, shekara goma sha biyar a jere, muna kwana goma a bakin kogin Paraná kamar masu hali.

Sirrin kati ne. Don Fermín mamba ne a wani kulob ɗin zango mai nisan kilomita arba'in daga gari. Ya biya kuɗin wata-wata shekara talatin, sai ya zama mamba na har abada: ba ya ƙara biyan ko peso ɗaya, fili mai lamba tara nasa ne, danginsa kuma suna shiga kyauta. To a littafin ƙofa ya rubuta Mama ƙanwarsa, ni kuma 'yar ƙanwarsa.

Ina shekara goma sha biyu na leƙa littafin na gani. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Tun ranar na ƙudura cewa ba da bakina za a yi wannan ƙarya ba. Duk yaran zangon suna ce masa Kawu, har waɗanda ba su san shi ba. Ni kaɗai nake cewa "Don Fermín", kamar a ce Malam Fermín, da ƙarfi, musamman idan muna wucewa ta gaban ofis.

Mun isa da azahar. Mama ta yi ta fama da Lukuta sau huɗu kafin ta shiga filin, shi kuma yana ba da umarni da sanda.

"Hagu, maƙwabciya! Ɗaya hagun!"

Da muka zaunar da shi a kujerar zane ƙarƙashin bishiya, ya zaro katin daga aljihun rigarsa. Ya tsufa har hoton ya koɗe.

"Ludmila," ya ce. Idan ya kira sunana na gaskiya, to magana ce. "Kin karanta dokar kulob ɗin nan?"

"Tun ina aji ɗaya. An rubuta ta kamar da ƙafa."

"To kin san in na mutu katin ya mutu. Filin nan akwai mutum sittin a layi suna jiransa. Sai dai in na miƙa wa wani dangina da hannuna, a ofis, ina da rai. Sau ɗaya ake yi, ba a sakewa."

"Ka ba Mama."

"Uwarki ta doshi sittin. Ke kuwa za ki ja shi shekara hamsin, ki riƙa kawo ta. Gobe da safe za mu je wurin Nélida."

Na tashi na hau gyaran igiyar rumfa wadda ba ta lalace ba.

Doña Nélida ita ce sakatariyar kulob ɗin tun kafin a haife ni. Ofishinta ɗaki ne na katako, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa, da wani ƙaton littafi mai bangon kore. Ajinsu ɗaya da Don Fermín a firamare, saboda haka ta fi kowa sanin cewa shi kaɗai uwarsa ta haifa.

"Kai tsoho, ashe ba ka mutu ba?" ta ce da muka shigo da shi.

"Ina jiran ki riga ni, ki kama mini fili mai inuwa."

Ta buɗe littafin, ta saka tabarau, ta rubuta sunansa da lambarsa. Sannan ta ɗago ta dube ni ta saman gilashin.

"Doka ta ce mai karɓa ya faɗa da bakinsa. Yarinya, mene ne wannan mutumin a wurinki?"

Fanka na ta ƙara. Mama ta dafa bayana. Don Fermín yana kallon rufi yana fito a hankali.

"Maƙwabcinmu ne," na ce.

Doña Nélida ta cire tabarau ta goge shi da gefen rigarta. "Kunnena ya fara nauyi. Me kika ce?"

"Maƙwabcinmu ne, Doña Nélida. Katanga ɗaya."

Ta rufe littafin a hankali. "To maƙwabci ba ya gadon kati. Ina nan har ƙarfe shida, kullum ban da Litinin."

A hanyar komawa Mama ko kallona ba ta yi ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta shiga Lukuta, ta sa tsohuwar rigar wankanta mai furanni, ta sauka kogi. Na zauna ina kallonta daga tudu. Ta kwanta rigingine a kan ruwa, hannuwanta a buɗe, yatsun nan da allura ta huda sun baje kamar ba su taɓa aiki ba. Kwana goma kenan a shekara da ba ta taɓa keken ɗinki.

"Kina jin kanki, ko?" Don Fermín ya ce daga kujerarsa. "Kin faɗi gaskiya. A ba ki lambar yabo."

"Ni ba na karɓar sadaka. Kuma shekara uku ke nan ina karanta doka, ba zan fara aikina da shaidar zur ba."

"Allah sarki. Zo ki gyara mini matashin nan, Mai Gaskiya."

Na je na gyara. Ya kama hannuna. Nasa ya zama kamar busasshen reshe, amma riƙon na direban jirgi ne.

"Ranar da aka kwantar da ni a watan Nuwamba, aka sa ni a ɗakin nan da ba a barin kowa shiga. Kin tuna?"

"Na tuna."

"Nas ɗin nan mai gashin baki ya tare ki a ƙofa, ya ce dangi kaɗai. Me kika ce masa?"

"Kana barci lokacin."

"Idona ne a rufe, ba kunnena ba. Me kika ce?"

Na dubi kogi.

"Ni zan tuna miki," ya ce, ya siranta murya yana kwaikwayona. "'Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma ina karatun lauya, in ba ka matsa ba za ka ga takarda!' Har da buga ƙafa. Mutumin ya kusa sara miki."

"Wannan daban ne."

"Ƙwarai daban ne. Ranar da za ki shigo ki wanke mini amai, ki yi faɗa da masu magani, ki kwana a kujera sati biyu, kalmar ba ta yi miki nauyi ba. Yau da za a sa miki abu a hannu ta zama dutse. Ke ba ƙarya kike ƙi ba, Lauya. Karɓa kike ƙi."

Na so in ba shi amsa. Ina da amsoshi, kullum ina da su, malamaina ma sun gaji da ni. Amma ya riga ni buɗe baki.

"Kuma kada ki ɗauka alheri nake miki," ya ƙara. "Rufin Lukuta na yoyo, tayar hagu ta sha faci tara, tururuwa sun yi gari a ƙarƙashin gadon tsakiya. Wahala nake bar miki. Wa zan bar wa wahala in ba nawa ba?"

Shida saura kwata na ɗaga shi, na rataya hannunsa a wuyana. Tafiyar minti biyu ce, ta ɗauke mu goma. Mama ta biyo mu da jiƙaƙƙen gashi, tawul a kafaɗa, ba ta tambayi ina za mu ba.

Doña Nélida tana kulle taga. Ta gan mu, ta koma ta zauna, ta buɗe littafin a shafin da ta sa wa alama da cokalin shayi.

"Yarinya, mene ne wannan mutumin a wurinki?"

"Kawuna ne."

"Fankar nan ta cika ƙara."

Na miƙa hannu na kashe fankar. "Kawuna ne, Doña Nélida. Kawu Fermín."

"To ai da ma kowa ya sani," ta ce, tana rubutu. "Shekara goma sha biyar yana cikin littafina. Ke kaɗai ce labarin bai iso wa ba." Ta juyo da littafin. "Sa hannu nan, tsoho, in hannun na aiki."

Ya sa, da wata ƙatuwar lanƙwasa a ƙarshe da ta haye layi biyu. Ya ce a rubuta a gefe cewa ya ji da kunnensa, kada gobe lauya ta musa.

Kwana huɗu ya yi bayan haka, kuma ya more su. Ba ya iya cin komai sai romo, amma ya sa aka gasa nama don ya ji ƙamshi, yana zaune yana kushe yadda nake juya shi. Ya riƙa ƙirƙiro dalilin kirana don kawai in amsa.

"Lauya!"

"Na'am, Kawu."

"Ba komai. Gwaji nake."

Ranar ta huɗu da la'asar Doña Nélida ta zo da kanta da sabon katin, an manna hoton da na ciro daga katin ɗaliban jami'a. Ya karɓa ya nisantar da shi daga idonsa.

"Dubi fuska kamar alƙali. Ba wanda zai yi gigin kafa tanti kusa da mu."

Mama ta ɗora buta, muka zauna mu huɗu shan mate, shayin ganyen ƙasarmu da ake zuƙa bi da bi daga ƙoƙo ɗaya. Ni ce mai zubawa. Na cika ɗan ƙoƙon da ruwan zafi na miƙa wa Doña Nélida, ta zuƙe ta dawo da shi, na cika na ba Mama, sannan shi. Suka yi ta musu a kan wani malaminsu na lissafi, ko gurgu ne ko kuwa takalminsa ne ya matse shi. Ƙoƙon ya zagaya sau uku. A na huɗu ya daɗe da shi a hannu, ya ɗan tsotsa, ya miƙo mini.

"Na gode," ya ce.

A wurinmu ba a godiya a tsakiyar shan mate. Sai mutum ya ƙoshi, ba ya son a sake miƙo masa, sannan yake faɗa. Doña Nélida ta bar zancen malamin ta juya ta dube shi. Na riƙe ƙoƙon, da sauran ɗuminsa.

Ya jingina kai ya ce zai ɗan runtsa, a tashe shi in jirgin ruwan da ke dakon yashi ya zo wucewa, yana son ya ga ko sun yi masa fenti. Mama ta ja kujerarta kusa da shi. Ƙudaje sun dame shi, ba mafici a kusa, sai ta ɗauki sabon katina daga cinyarsa tana kore masa su.

Jirgin ya zo wucewa wajen ƙarfe biyar da rabi, an yi masa shuɗin fenti. Na kira shi sau biyu. Doña Nélida ta tashi ta taɓa wuyansa, ta daɗe, sannan ta cire tabarau ta sa a aljihu.

Igiyar ruwan da jirgin ya tayar ta iso gaɓa, ta lashi yashi, ta koma. Mama ba ta daina fifitar ba.