Romon Baba Mai Agogo

"Kowa ya rufe idonsa," in ji mutumin mai farar riga. "Ana yi mini magana."

Ni dai ban rufe nawa ba, don tun shigowarsa jikina bai ba ni ba. A ɗakin Baba Mai Agogo muke, maƙwabcina na shekara ashirin, wanda katanga ɗaya ce ta raba mu. Yana kwance a gadon ƙarfe, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, kwana biyu ke nan bai ce uffan ba. Agogunan da ke jikin bango duk sun tsaya tun da ya kwanta. Likita ya riga ya faɗa, ƙoda ce, a mayar da shi gida. Amma ɗansa, Direba, ya kasa haɗiye maganar, sai ya ɗauko mana wannan da ake ce wa Mai Wahayi.

Mutumin ya yi ta jijjiga, gumi na tsiyaya. Matan layinmu sun cika taga.

"An sake nuna mini hannun nan," ya ce. "Hannun mace, a bakin tukunya. Ciwon nan ba na asibiti ba ne. Gobe za a ba ni sunan."

Wane suna kuma? Mace ɗaya ce ke girki a gidan, matar Direba, wadda har yau muke ce wa Amarya ko da yake ta shekara tara da aure. Ita ke juya tsohon, ita ke wanke masa zanen gado. Tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon romo. Tun ranar Litinin da aka fara zancen tukunya mijinta ya daina cin abincinta, wai a tasha yake ci. Na san in aka ambaci sunanta gobe, ta bar gidan ke nan, kuma ba inda za ta sake ɗaga kai a layin nan. Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi tsoron.

"A ina aka rubuta?"

Muryar ta fito a shaƙe, sai da muka waiwaya muka gane Baba ne.

"Na'am, Baba?" in ji Direba, ya durƙusa.

"Baƙonka nake tambaya. Abin da ya ji, a ina aka rubuta? Ga Littafi Mai Tsarki nan a gefen matashina. Ya buɗe mini."

"Tsoho, wannan sabuwar magana ce," in ji Mai Wahayi. "Kai tsaye ta zo."

"To ni tsohuwar ta ishe ni." Baba ya huta, ƙirjinsa na hawa da sauka. "Shekara hamsin ina addu'a. In faɗi nawa, in buɗe Littafi, in yi shiru, ya faɗi nasa. Bai taɓa nuna mini laifin kowa ba sai nawa."

Ya juya ido wajen ƙofa.

"'Yata, romon nan kallo kika kawo mini?"

Amarya ta dubi mijinta, bai ɗaga kai ba. Na ce, "Ke, wuce mana, surukinki na kira." Na tallafe masa kai, ta ba shi cokali ɗaya, biyu, uku. Ya ce gishiri ya yi kaɗan, ita kuwa ta yi dariya hawaye na zuba. Ta rufe kwanon da faranti ta ajiye a kan kujera.

Da ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na yamma Baba ya cika. Ina riƙe da ƙafarsa na ji ta saki.

Ba a ko rufe masa fuska ba na jiyo Mai Wahayi a tsakar gida, ya sassauta murya yadda kowa zai ji. "Cokali uku. A gaban idonku." Matan taga suka fara ƙus-ƙus. Wata ta ja 'yarta baya da Amarya ta zo wucewa.

Direba ya zube a gaban gadon. "Gwaggo," ya ce mini, "me zan yi?"

"Ni ba a yi mini magana, ɗan nan. Ka ji dai abin da ubanka ya ce."

Ya dafe kai ya yi addu'a a fili. "Ya Ubangiji, ka faɗa mini. Ita ce ko ba ita ba ce?" Muka saurara, har da ni. Ba abin da muka ji sai ƙudaje da kukan wata mota a titi. Ya jira, ya sake tambaya, shiru.

Can ya miƙa hannu ya ɗauko Littafin. Bangonsa ya sha ɗinki da zare, shafukan sun yi baƙi da man agogo. Ina tsaye a bayansa ina gani. Duk inda aka yi zancen mai shaidar zur, ko mai zargin ɗan'uwansa, ko mai taurin kai, tsohon ya ja layi da fensir, ya rubuta a gefe da ƙananan haruffa: ni ne wannan. Shafi bayan shafi haka. Direba ya daɗe yana karatu, leɓɓansa na motsi, har hasken taga ya hau daga ƙasa zuwa bango.

Ya rufe Littafin, ya tashi. Ya ɗauke farantin daga kan kwanon. Romon ya huce, kitse ya daskare a samansa. Ya fita da shi tsakar gida, ya wuce Mai Wahayi kamar bai gan shi ba, ya tsaya a gaban matarsa inda kowa zai gani. Ya kafa kai ya shanye tas, ya miƙa mata kwanon.

Amarya ta rungume kwanon a ƙirjinta da hannu biyu. Mu kuwa muka zuba wa Direba ido, har da ni, Allah ya gafarta mini, muna jira mu ga ko zai faɗi. Yana nan tsaye cikin rana, maiƙo na sheƙi a gemunsa.