Da Me Aka Sayi Gado

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Ban taɓa rubuta labari ba, ƙwallo ma daga bayan danga nake kallonta. In na yi kuskure ku rufa mini asiri.

A wani ƙauyen Hausawa kusa da Wad Haddad a ƙasar Sudan, a 1968, akwai nadi, wato kulob ɗin ƙwallo, mai suna Najma. Asusunsa gwangwanin halawa ne a ɗakin shugaba, Baffa Zakariya. Bayan girbi kowane gida ya ba da mudun dawa, a sayar, a zuba. Bai taɓa cika ba. Dukiyar nadin ta gaskiya ita ce Ladan, yayan wata yarinya mai suna Sakina, wanda in ya ɗaga ƙafar hagu mai tsaron gida kan fara salati.

Gidansu ma Ladan ne dukiyarsa. Tun rasuwar babansu shi ke noma hawashar Baffa Zakariya, wato gonarsa ta ban-ruwa, a raba dawar biyu, rabi na mai gona, rabi nasu. Da rabin nan Sakina da mahaifiyarsu Inna Yalwa ke kai shekara.

Ana tsakiyar shuka sai ga mutanen wani nadi na Managil a lori. Suka saye Ladan jine arba'in, wato fam arba'in na Sudan, da riguna goma sha ɗaya, shi kuma suka samo masa aikin lodi a tashar bas, wanda da ƙyar zai ci da shi.

"Yaya, gonar fa?" in ji Sakina, tana ɗaure masa kaya.

"Baffa ya rantse ba mai taɓa rabonmu. Ke dai riƙe ta zuwa kaka. Laka ma tsoron taurin kanki take yi."

Ta riƙe. Ranar da ruwa ya zo kansu ta shiga laka har gwiwa tana buɗe masa hanya. Ta yi shema, ta cire ciyawa ita kaɗai, tafin hannunta ya fashe ya warke ya sake fashewa. Dawa ta tashi, ta fitar da kai.

Najma kuwa aka ci ta sau huɗu a jere. A teburin mai shayi ana ce wa Baffa, "Kun sai da sa kun sayo igiya!" Abin ya yi masa zafi. Ya hau mota zuwa Sinja neman wani ɗan wasa mai suna Gado. Nadin Sinja ya lashe jine arba'in ɗin kaf. Gado kuma ya ce shi yana da mata da 'ya'ya uku, tafi ba ya zama tuwo, sai an nuna masa abin da zai ci kafin ya taso.

Ranar Juma'a da la'asar aka kawo shi. Aka kira mata girki, Sakina aka ɗora mata faifan shayi ta kai rumfar maza. Tana rabawa Baffa ya miƙe, ya gyara rawani.

"Ya jama'a, asusu ya ƙare, amma ni ban ƙare ba. Don Najma, na ba Gado noman hawashata, rabi da rabi, daga wagga kaka."

Aka ɗauki tafi. Wani ya ce, "Haka manya ke yi!"

Sakina ta durƙusa gefensa. "Baffa, dawar da ke ciki fa? Ni na..."

"Ɗiyata," ya ce a hankali, bai dube ta ba, "da Ladan ni yi magana. Ladan kuwa na Managil ne yanzu, ga takarda an sa hannu. Mace ba ta riƙe hawasha. In an yi girbi ki zo kala, ba mai hana ki."

Ta duba fuskokin da ke rumfar. Duk ta san su, duk sun ga ta wuce da fartanya kullum. Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

Saura kofi ɗaya, na baƙo. Gado dogo ne, siriri, da facin zare a wuyan rigarsa. Ya karɓa da hannu biyu.

"Allah shi yi albarka, ƙanwata. Wallahi na biya ta gonar, dawa ta yi kyau, ko ciyawa babu. Yarana za su ƙoshi bana. Wa ya yi wannan aiki?"

Ta buɗe baki. Ta ga murnar da ke idonsa, ta ga bai san komi ba.

"Wani ne," ta ce. "Ya tashi."

Aka fito da sabbin rigunan da aka samu a cinikin Ladan, samari suka yi caa a kansu, ana rigimar wa zai sa lamba tara. Sakina ta jingine faifan a gindin rumfa. Ta bi ta bayan garken awaki, ba ta hanyar mata ba, tana tafe tana neman kalmar da za ta fara gaya wa Inna, ba ta samu ba. Ba wanda ya waiwayo.