Wata a Wutsiyar Kunama

An cire agogon bango, ya bar farin zagaye a jikin fenti. Kaya duk sun shiga mota, saura kujera ɗaya a falo, Kaka na zaune a kanta ya rungume butarsa.

"Baba, direba fa yana jira," in ji Mama.

"Ya jira. Wata ya sauka a Shaula, wutsiyar kunama. Ba a ƙaura a wannan masauki."

Tun yana yaro Kaka ya haddace taurarin da wata ke sauka a cikinsu, ko aski ba ya yi sai ya duba. Mu kuwa yau za mu miƙa makulli, sababbin 'yan haya suna hanya.

Direba ya leƙo ta taga. "Hajiya, in ɗauko shi da kujerar? Akwai wuri kusa da firiji."

"Kai dai ka ji da sitiyarinka," in ji Kaka.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma na durƙusa kusa da shi. "Angona, jiya a ina watan ya kwana?"

"A Ƙalbu, zuciyar kunamar."

"Gobe fa?"

"Sai Na'a'im."

"Ashe shi ma daga Shaular yake tattara kayansa ya tashi. Ka taɓa jin kunamar ta harbe shi?"

Mama ta toshe baki da mayafi, direba ya tuntsire da dariya. Kaka ya harare ni, amma gemunsa sai rawa yake. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗauki butarsa ya nufi mota.