Ranar da Umma ta ga giwa

A ofishin shirya tafiye-tafiye kowa na da ɓangarensa, amma da zarar wani ya shigo yana tambayar gandun daji, sai a nuna masa teburin Auta. In ta fara bayanin dorina har shayinta ya huce ba ta sani ba. Ba a makaranta ta koyi wannan son ba. Babanta kuku ne a masaukin baƙi na wani gandun daji, kuma duk hutu can take tarewa, tana maƙale a bayan motar masu gadin daji. Umma kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙawa ba. Matar da ko kyanwa ta gifta sai ta ɗage ƙafa!

Rannan shugaban ofis ya ce Auta ta je ta duba wani sabon masauki kafin a fara tura mutane, kuma kujera biyu aka ba ta, ta tafi da wanda take so. Ta fito tana tsalle, takalmi ɗaya a hannu, ta kira gida.

"Umma, ki haɗa kaya!"

"Zuwa ina?"

"Daji!"

"Ke Auta, lafiyarki kuwa? Ni da girmana in kai kaina wurin zaki?"

Sai da aka yi lallashi, aka haɗa da rantsuwa cewa motar na da ƙarfe ta ko'ina, sannan ta yarda.

Suka isa masaukin suka kwana, da safe suka shiga mota mai buɗaɗɗen sama. Umma ta zauna a tsakiya, ta ƙanƙame jaka, ido a rufe, baki na motsi. Direban ya ce dokar ɗaya ce: ban da ɗaga murya.

"Ni da ko kallo ba zan yi ba," in ji Umma.

Ba su yi nisa ba wani mugun dawa ya fito daga ciyawa a guje, jela a miƙe tsaye kamar eriyar rediyo, 'ya'yansa na biye, kowa da tasa eriyar. Auta ta kasa riƙe dariya. Umma ta buɗe ido ɗaya.

"Wannan mummunan kuma ina za shi da sauri haka?"

Ta buɗe na biyun.

A bakin wani tafki direban ya kashe mota. Giwaye ne, garke guda, suna shan ruwa. Auta ta ciro tabaron hangen nesa ta kafa a ido. Wata 'yar giwa ta zo da rawar kai, ta taka taɓo, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas. Ta yunƙura, ta sake zamewa.

Sai ga Umma a tsaye.

"Wayyo 'yar nan! Ke uwarta, kina ina? Kina gani yarinya na faɗuwa!"

"Mama, a hankali," direban ya raɗa.

"Yi haƙuri, ɗana." Ta rage murya, amma ba ta daina ba. "Ta baya za ki tura ta. Ta baya, na ce!"

Kamar ta ji, uwar ta sa hannunta ta tallafo 'yar ta baya har ta miƙe. Umma ta dafe kan Auta tana girgiza ta.

"Kin gani? Ta ji maganata!"

Auta ta yi dariya har hawaye. Direban ma ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa na rawa.

Daga nan tabaron hangen nesa bai sake dawowa hannun Auta ba. Umma ta yi wa jimina faɗa kan rashin kamun kai, ta yaba wa raƙumin dawa gashin ido, ta ce jakin dawa ya fi telanta iya zaɓen yadi. Da iska ta fizge ɗankwalinta ta maƙala shi a kan ƙaya, direban ya taka birki zai koma.

"Bar shi, ɗana, na ba birai," ta ce. "Mene ne wancan mai ƙaho a gindin bishiya? Matsa mu gani!"

Auta ta riƙe mata gefen zani kada ta faɗo, motar ta gangara wajen ɓaunar.