Garin Maka a Kofina

Tunda muka yi aure ban taɓa ganin baban yara ya kunna risho ba, sai ranar da ya shigo da wata 'yar roba cike da gari ruwan ƙasa. Wai garin wata saiwa ce da ake kira maka, abokin aikinsa ya rantse masa tana dawo wa mace da kuzari da sha'awa.

"Kin canza, maman yara," in ji shi. "Da ba haka kike ba."

Ji min mutum! Ni da nake wuni a tsaye a ɗakin guga na otal, tururi yana dafa min fuska. In dawo in tayar da mahaifiyarsa da ciwo ya kwantar, in yi mata wanka, in canza mata shimfiɗa, ga girki, ga aikin makarantar yara. Ina kai haƙarƙari katifa sai ka ce an yar da buhu. Shi kuwa yana gefe yana ta kumbure-kumbure.

Na ce, "Don girman Allah ka kula da Inna wuni guda, in yi barci. Maganina ke nan."

Ya yi dariya. "Ke dai sha."

Kullum da safe zai dafa madara, ya dama garin, ya tsaya a kaina sai na shanye. Kofin kaɗai yake wankewa, tukwane ko oho. Da ya ji shiru, sai ya ƙara cokali. Wallahi gara zagi da wannan hidimar.

Ran nan jiri ya kwashe ni a wurin aiki, na faɗi, dutsen guga ya ƙona min hannu. A asibiti likita ta dubi baban yara ido cikin ido ta ce, "Jininta ya yi ƙasa sosai. Gajiya ce ta kayar da matarka. In ba ta huta ba, wataran ba za ta tashi ba."

Ya riƙe yatsuna, idonsa jawur, yana gyaɗa kai. Har na ji tausayinsa. Na ce a raina, yau dai ya ji daga bakin wani.

Likita ta juya za ta fita, ya bi ta bakin ƙofa, ya rage murya. Amma na ji.

"Likita, to garin nan da nake ba ta, za ta iya ci gaba da sha a nan?"

Na juya fuskata bango. Washegari da aka zo sallamata, na roƙi likita ta bar ni in ƙara kwana.