Buhu Ɗaya da Rabi

Quirino ne na goma sha ɗaya a layi lokacin da mai shagon kayan noma ya fito da guntun kwali ya maƙala a jikin ƙofa. Kalma uku ce a jiki: pelet ya ƙare.

Babu wanda ya ɗaga murya. Mako na uku ke nan ana haka. Tun da kuɗin gas ya tashi, rabin jihar Molise ya koma wa murhun pelet, 'yan curin garin katakon nan da inji ke matsewa, motocin da ke kawo shi daga arewa kuwa a birane suke saukewa kafin su hawo dutse. Mutane suka zura hannu a aljihu suka watse.

Buhu ɗaya da rabi ya rage masa a gida. Murhun na cin buhu guda a yini idan ana dusar ƙanƙara, kuma ana yi. Washegari da hantsi za a sallami matarsa Nicolina daga asibiti a Campobasso, bayan kwana goma sha biyu tana fama da ciwon huhu. Likita ya ce ɗaki mai ɗumi dare da rana har watan Maris. 'Yarsu Rosalba ta ji wannan ta waya daga Torino, ta ce ranar Asabar za ta zo, in ta tarar da gidan da sanyi za ta tafi da uwarta sai sanyi ya wuce.

Quirino ya shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a garinsu Castelvento. Ya san gidajen da aka rufe tagoginsu da wannan maganar ta sai sanyi ya wuce. Ya ci gaba da zura musu takardu ta ƙarƙashin ƙofa har ya yi ritaya.

A shagon kofi na dandali ya tarar da Egidio, maƙwabcinsa, wanda ke kula musu da bishiyoyin zaitunsu arba'in tun da bayan Quirino ya fara ciwo. Shi ke girbe su ya kai injin matsa, a raba man biyu. Egidio ya saurari labarin, ya juya cokali a ƙoƙon kofi, ya ce in da shi ne, da ya gangara kwari wajen Amerigo mai injin zaitun. Duk masu injin zaitun yanzu suna ware ƙwallon su niƙa shi, kuma yana ci a murhu kamar pelet, har ya fi shi zafi.

"Sha kofinka," in ji Quirino.

Amerigo ƙanin Nicolina ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a walimar baftismar jikan Amerigo, Quirino ya dangwali man da aka ajiye a tebur ya ce yana warin tsohon buhu. A gaban mutum sittin ya faɗa. Amerigo ya ajiye cokalinsa ya ce to, mai raba wasiƙa ya zama malamin mai. Quirino ya ce daga yau zaitunsa injin ƙungiyar manoma za a kai, kuma ya faɗa wa matarsa haka tun a mota. Daga ranar ba sa haɗuwa sai a jana'iza, su gaisa da kai.

Mai shagon kofin ce ta nuna masa talla a wayarta: pelet, buhu ɗari biyu, a wata gona ƙetaren kogi. Farashin ma na bara ne. Quirino ya rubuta kwatancen a bayan hannunsa, ya tayar da tsohuwar motarsa.

Minti arba'in ya yi a hanya, biyar daga ciki a bayan motar kwashe ƙanƙara. Wata mata mai takalmin roba ta fito daga rumfa tana goge hannu. Ta ce akwai kaya, ta tambaye shi buhu nawa. Ya ce iya abin da motar za ta ɗauka.

"Guda nawa gare ka, baba?"

"Ɗaya ne. Amma babba ne, buhu guda yake ci a yini."

Matar ta dube shi daga hula har takalmi. "Buhu guda a yini. Wane irin zomo ne wannan?"

Ta kwance bakin buhu. Curin kore ne shar, yana ƙanshin ciyawa. Abincin zomaye ne, shi ma pelet ake ce masa. Ta ce shi ne mutum na huɗu tun safe. Akwai wani daga Larino da ya rantse sai ya saya, ya zuba a murhu, gidansa ya kwana uku yana warin turke. Quirino ya yi dariya, abin da bai yi ba tun ranar da aka kwantar da matarsa. Da ta ji don wa yake nema, ta shiga ciki ta fito da ƙwai shida a kwali ta ce a kai wa marar lafiya.

A mararraba ya tsaya. Hagu gida, dama kwari. Ya kashe mota, ya duba waya ya ga Rosalba ta kira sau biyu. Ya sake tayarwa ya yi dama.

An gama kakar matsa tun Disamba, injin Amerigo shiru. Mai wurin na durƙushe yana wanke matacin mai da buroshi. Ya yi ƙiba, gashin kansa ya tafi. Ya ɗago ya ga wanda ke tsaye a ƙofa, ya koma kan matacinsa.

"Mai wasiƙa. Takarda ka kawo mini ko hanya ce ta ɓace maka?"

"Na yi ritaya."

"Bakin fa? Shi ma ya yi?"

Quirino ya ce gobe za a sallami Nicolina. Amerigo ya ce ya sani, ranar Talata yana wajenta, ya fita ta ƙofar baya minti goma kafin wani mai wasiƙa ya shigo da lemo. Quirino ya buɗe baki zai faɗi abin da ya kawo shi, Amerigo ya nuna masa benci da buroshin. A injin zaitun ba a maganar kaya sai an ci burodi da mai. Haka uban Amerigo ya yi, haka kakansa, kuma wanda ya ƙi ci ya ƙi gidan ne.

Amerigo ya yanka burodi ya ɗora a kan murhun ƙarfe da ke kusurwa. Ƙwallon zaitun ne ke ci a ciki, wutarsa fari-fari, babu hayaƙi. Ya goga tafarnuwa, ya barbaɗa gishiri, ya tsiyaya mai daga wata kwalba marar takarda, ya miƙa.

Quirino ya gatsa. Ƙanshin ɗanyen ganyen tumatir ya fara zuwa, sannan ɗaci kaɗan, sannan yajin nan da ke kama maƙogwaro har mutum ya yi tari sau ɗaya. Ya yi tarin. Ya san wannan man. Shi ya zuba a miyar wakensa jiya. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaga kwalbarsa a gaban baƙi yana cewa su ji bambanci, wannan aikin ƙungiya ne, ba na masu wanke inji sau ɗaya a shekara ba.

"Yaya, yana warin buhu?" in ji Amerigo.

"Gishirin ya yi yawa."

Amerigo ya ce bana ba ya sayar da ƙwallo. Na wanda ya kawo zaitunsa nan ne, kowa da rabonsa, wanda kuwa bai kawo ba ko gwangwani ba zai samu ba. Limamin coci ma ya zo, ya koma da burodi a ciki da hannu wofi. Ya faɗi haka, ya ɗauki bokiti ya fita ɗebo ruwa, alhali ga famfo a gabansa.

Buhuna na jere a jikin bango, kowanne da suna da baƙin fenti. Quirino ba ya iya ganin suna a rubuce bai karanta ba, aikin ne ya bar masa. Ya bi layin a hankali. Ya wuce na mai magani, na 'yan'uwa biyu da ba sa magana da juna, na Egidio. A can ƙarshe, bayan tsohon dutsen niƙa, akwai tari uku, na ƙasa sun yi ƙura. NICOLINA. Ya ƙirga ashirin da huɗu.

"Na bana da na bara da na bara waccan," in ji Amerigo daga bayansa. Babu ruwa a bokitin. "Tun da na sa injin warewa. Ba ta taɓa ɗauka ba. Mai dai ana iya canza masa kwalba, amma buhu ta ina zai shiga gidanka ba ka karanta shi ba?"

"Egidio ma ya sani ke nan."

"Suruki, kare ma a dandali ya sani."

Quirino ya ɗaga buhu ɗaya, bayansa ya tuna masa shekarunsa, ya ajiye. Amerigo ya ture shi da kafaɗa ya loda shida a motar. Ya ce saura zai biyo da su a bayan tarakta da la'asar, ya zo da ragar ƙarfe ya shimfiɗa a bakin wutar don kada ƙwallon ya zube, ya rage wa murhun gudun ci. Ya ce kada Quirino ya taɓa komai kafin ya zo, don mutumin da bai san mai ba ba zai san wuta ba. Quirino ya ciro ƙwai uku daga kwalin ya ajiye a kan benci. Amerigo bai tambayi na mene ne ba.

Washegari da tsakar rana Nicolina ta shigo gidanta riƙe da hannun mijinta. Ta rame, amma idonta na nan. Ma'aunin zafi a bango na nuna digiri ashirin da biyu, Quirino ya riga ya ɗauki hotonsa ya tura Torino, amsa ta dawo: to, Asabar zan zo in gani da idona, a dafa mini taliya.

Nicolina ta tsaya a tsakar falo ta shaƙi iska. Wutar ƙwallon zaitun tana da ƙanshinta, kuma a cikinsa ta girma. Ta dubi murhun, ta dubi buhun da ke jingine kusa da shi. An juya sunan ya fuskanci bango. Ta cire mayafinta ta zauna, ta tambaye shi ko ya shayar da tukwanen furenta.

Ya kawo mata romo da burodi, ya tsiyaya mai a kai, ya ɗaga kwalbar a hasken taga kamar yadda ya saba.

"Mutanen ƙungiyar nan sun iya aiki," in ji shi.

"Sun iya."

"Lahadi za su zo cin abinci."

Ta ajiye cokali. "Su wa?"

"Mutanen ƙungiyar. Shi da matarsa."

Nicolina ta ɗauki cokalinta. Ta ce in haka ne ya sayo naman zomo, don shi ƙaninta ke so.